Asabar Bakwai a Gaban Kwamfutar Kawu

Kwamfutar kawuna ta girmi ɗana na fari. Farin akwati ne da ya koma rawaya don tsufa, a kan wani ɗan teburi a ɗakin karatunsa a Ƙofar Durbi, in ba a aiki da ita sai ya lulluɓe ta da tsohon rawani. A cikinta littafinsa yake. Shekara da shekaru Kawu ya yi yana buga karatun da ya ɗauka a gaban mahaifinsa, da yatsa ɗaya, cikin Hausar ajami. Wani ɗalibinsa ne ya haɗa masa na'urar, ya sa mata Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, irin na wancan zamanin, ya rubuta masa manhajar da ke fitar da haruffan yadda yake son su, da wasullansu da ɗige-ɗigensu. Ɗalibin nan ya daɗe da rasuwa. Firintar da ya jona mata ita ma ta mutu, kuma ba a samun irinta.

Mahaifiyata ce ta kira ni. Kawu yayanta ne, ita kaɗai ke iya faɗa masa gaskiya kai tsaye. Idonsa na dama ya riga ya tafi, hawan jinin ido ya cinye shi, na hagun kuma likita ya ce shi ma yana kan hanya. Ta ce, "Ba abin da yake so illa ya ga littahin nan a takarda tun yana gani. Kai da aikinka ke nan a ofis, ka tahi ka hiddo mashi abinshi."

Na ce mata aikin yini ɗaya ne. Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar nan, da ɗaga kafaɗa, sai in ji haushin kaina.

Ranar Asabar na je, don ita kaɗai nake da ita. Na tarar ya riga ya kunna na'urar tun da hantsi, ya share kujera, wai kada in zo in yi jira. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, sannan ya sake tambayar iyali. Ni kuwa idona na kan allon. Na gano littafin ba ya buɗuwa a wata kwamfuta sai wannan. Amma marigayi ɗalibin nan, Allah ya jiƙansa, ya bar rubutun wata ƙaramar manhaja da za ta mai da shafukan irin fayil ɗin da kowace firinta ke karɓa. Rubutun kawai ya bari, bai harhaɗa ta ba. Harhaɗawa kuwa shi ne a miƙa rubutun ga kwampaila, wato manhajar da ke juya shi zuwa abin da na'ura ke iya aiki da shi. Na gwada a kan laftof ɗina, sabuwar kwampaila ta yi watsi da shi tun daga layin farko, ga shi kuma yana neman wasu abubuwa da babu su sai a cikin tsohuwar na'urar. Dole a can za a yi aikin.

Na ba da umarni. Rubutu ya ɗan gudu a baƙin allo, ya tsaya cak. Saƙon ya ce sabon fayil ɗin da aka ƙirƙira ya girmi waɗanda aka tarar, in duba agogon na'ura. Na kalli kusurwar allo, na ga lallai awa ba daidai take ba. Na gyara awa da minti, na sake gwadawa, saƙon ya dawo yadda yake. Sai na yi abin da mai ji da kansa ke yi: na ce saƙon ne ke ƙarya. Na buɗe fayil ɗin da ke yin binciken, na goge layukan da ke duba agogo, aiki ya wuce. Na yi murmushi, Kawu ya ji motsina ya ce, "Ta yarda?"

Na ce, "Ta kusa, Kawu."

Ba ta kusa ba. Daga nan ta ce sai ta sake gina fayil ɗin da na taɓa, kuma kayan aikin da za ta gina shi da su sun tsufa, in kawo sababbi. Na sauko da su a wayata, na zuba a filashi, na'urar ta ƙi ganin filashin don ya fi ƙarfinta. Sai da na zagaya wajen masu gyaran waya kafin in sami ɗan ƙarami da wani ya manta da shi a durowa. Sababbin kayan suka ce su ma ba za su harhaɗu ba sai an kawo musu wasu. Waɗancan kuma suka ce kwampailar ta tsufa, ba ta san irin rubutunsu ba. In koma baya in nemo tsohon zubi, ya yi tsufa da yawa; in matso gaba kaɗan, ya yi sabunta da yawa. Akwai yinin da na ɓata ina cusa ma'anar kalma ɗaya da hannu a fayil goma sha wani abu, ina gamawa wani kuskuren ya fito daga wani lungu dabam.

Na yi tambaya a dandalin masu irin wannan aiki a intanet. Duk wanda ya amsa abu ɗaya ya ce, in sabunta tsarin na'urar. Wani har da dariya, wai me nake yi da kayan tarihi. Na rubuta masa amsa mai zafi, na goge. In na sabunta, manhajar ajamin ta mutu, littafin ya bi ta. Wa zai yi wa mutumin da ban san ko a wace ƙasa yake ba wannan bayanin?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda take komawa farko. Sai ta yi nisa, fankar cikinta na kuka, ina ta addu'a a zuci, sai in ga ta sake fara binciken da ta gama ɗazu, ta gama, ta sake farawa. Ɗakin ga zafi, bayan rigata ya jiƙe sharkaf. Sau ɗaya na ɗaga hannu zan mari akwatin, na tuna a gaban wa nake, na sauke.

Kawu kuwa yana kan buzunsa yana jan carbi. Asabar ta farko da tabarau yake leƙa allon yana nuna mini babi. Ta uku ya ƙara da madubin ƙara girman rubutu. Ta biyar na yi sallama daga bakin ƙofa, ya amsa, ya ce wane ne. Na ji tsoro ranar, tsoro na gaske, kuma tsoron ya fito mini a faɗa. Na ce masa a bar wahalar nan, in ɗauki hoton allon da waya shafi-shafi a buga. Na ɗauki ɗaya na gwada, hoton ya fito da ratsi-ratsi, wasulla sun narke cikin haruffa. Ya sa na kwatanta masa, ya girgiza kai.

"In wasali ya ɓace ai magana ta canza. Ba ni barin ma mutane abin da za su karanta ba daidai ba."

Na ce, "To Kawu, ni na gaji. Wannan abar ta mutu tun tuni, ku ne ba ku yarda ba."

Ya ci gaba da jan carbinsa. Da zan tafi ya sa mini albarka kamar kullum, hakan kuma ya fi zagi ciwo.

Asabar ta bakwai ina tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, batirin da ke riƙe na'urar in ba wuta kuma ya riga ya ƙare, allo ya mutu. Ban taɓa ganin lokacin da ake kunna ta ba, kullum a kunne nake tarar da ita. Da aka dawo da wuta bayan azahar na danna maɓalli, sai ta tsaya a wani shuɗin shafi tana neman a ba ta kwanan wata. Ƙaramin batirin da ke riƙe mata lokaci ya mutu, wa ya san tun yaushe.

Kawu ya taso yana lalube. "Matsa, ni ke yi mata wanga. Kullum sai ta tambaya."

Ya sa yatsa, bai ko duba ba don hannunsa ya saba. Ya buga rana, ya buga wata, ya buga lambobi biyu na shekara. Na kalli abin da ya buga, na kalli wayata, ba su yi kama ba ko kaɗan.

"Kawu, wane kwanan wata ne wannan?"

"Na yau mana. Jiya ba sha ɗaya ga wata ba?"

Lissafin Hijira yake ba ta. Ranar watan Musulunci, da watan, da ƙarshen shekarar, arba'in da 'yan kai.

Na ce, "Tun yaushe kuke sa mata haka?"

"Tun da ta fara tambaya. To mi zan ba ta? Karatun addini ne a cikinta."

Na zauna na dafe kai. Na'urar ta ɗauki lambobin nan a matsayin shekarar Bature da ba a kai ba tukuna, shekarar kuma ta wuce iyakar abin da tsohon tsarinta ke iya ƙirgawa, sai lissafin ya kife ya koma baya fiye da shekara ɗari. Duk fayil ɗin da na ƙirƙira, a wurinta ya girmi wanda ya haife shi, shi ya sa take ta komawa farko. Fayil ɗin da na goge wa layuka ma, taɓa shi da na yi ne ya sa ta ce sai an sake gina shi, daga nan duk wahalar kayan aikin ta samo asali. Ta faɗa mini tun ranar farko, a fili, cewa in duba agogo. Na duba awa, ban duba shekara ba. Na so in ji haushin Kawu, na nema ban samu ba, duk ya taru a kaina.

Na gyara kwanan watan, na ɗauko rubutun marigayin sabo fil wanda ban taɓa ba. Kurakurai biyu kawai suka fito, na gaske, na tsufan kwampaila, kuma na riga na san maganinsu. Kafin a kira la'asar manhajar ta harhaɗu, ta fitar da littafin gaba ɗaya, kowane wasali a mazauninsa.

Ranar Litinin na buga shi, na sa aka ƙara girman haruffan iya yadda takarda za ta ɗauka. Ina tashi daga aiki na wuce Ƙofar Durbi, da sauran rana. Na tarar da shi a ƙofar ɗaki inda haske ya fi yawa, an gaya masa ina tafe. Na durƙusa na miƙa masa. Ya auna nauyin takardun a hannu, ya zaro ta farko, ya kai ta dab da idonsa na hagu, ya matsar da ita, ya sake kawowa. Ya daɗe a haka. A juye ya riƙe ta, ƙasan shafin yana sama.

"Ya yi kyau," ya ce. "Allah shi yi maka albarka. Karanta mani daga farko, in ji ko akwai gyara."

Na karɓi takardar, na juya ta a hankali don kada ya ji, na fara karantawa.