Gyaɗar da Na Sa Aka Ɓare

Shekara biyu, ko uku, bayan samun mulkin kai aka turo ni Paki a matsayin malamin gona. Dattawa sukan tashi tsaye idan na iso, wataƙila saboda an gaya musu ina da digiri. Abin yakan hana ni sakewa.

Aikina na farko shi ne raba sabon irin gyaɗa ga manoman da suka yarda su gwada. Don awo ya yi mini sauƙi, na sa aka ɓare ta tun da rani, aka jibge a ɗakin kwano. Sarkin noma, tsoho ne marar yawan magana, ya leƙo ya ce, "Malam, mu sai ana gobe shuka muke ɓare iri." Na ce ban ga inda littafi ya hana ba. Ya ce, "To, madalla."

Ruwa ya sauka, aka shuka. Kwana goma babu tsiro sai ɗaiɗai. Zafin kwanon ne ya kashe ta. Aƙalla haka nake zato har yau.

Na hau keke zuwa Makarfi wurin maigidana a ofis. Ya ce, "Rubuta cewa ruwa ne ya ɗauke. In ka ce laifinka ne, canjin da kake nema zuwa Zariya, ka manta da shi." Na hau kekena na koma Paki. Kwana uku takardar rahoton tana aljihuna, ina kewaye gonakin mutane ta wata hanya.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, na durƙusa gaban sarkin noma. Na ce, "Baba, ba ruwa ba ne. Ni ne."

Wani daga baya ya ce, "Ashe digirin bai kai kan gyaɗa ba?" Aka yi dariya.

Tsohon ya ce, "Mun sani, Malam. Kowa ya rage tsohon irinsa a rumbu, mun ma sake shuka. Ko za ka faɗa ne ba mu sani ba."

Na rubuta gaskiya. Takardar Zariya ba ta zo ba.

Da damina ta zagayo, suka taru a ƙofar ɗakina suna tambayar ranar shuka. Na fara kame-kame, ina cewa mai yiwuwa, ya danganta. Sarkin noma ya ce, "Faɗi rana kawai. Bana ba mu rage komai a rumbu ba."