Sawun Keken Baba

Shekarar da sojoji suka yi bore, Titin Koudoukou ya mutu. Ba taksi, ba babur, sai shingaye da karnuka. Shagunan kasuwar Kilomita Biyar suka rufe, abinci ya yi wuya. Sai mutanen unguwarmu suka fitar da hanyar keke ta bayan gidaje, har bakin gari inda matan ƙauye ke sauke garin rogo, wanda muke kira gozo. Wani ya ja dangarsa baya, wani ya cire ƙyauren ɗakinsa ya ɗora kan kwata ya zama gada. Kafin a ankara hanyar ta zama kasuwa. Mai faci ya kafa rumfa, matan da ba su taɓa sana'a ba suka fara suya saboda masu keke.

Doka ɗaya ce: kowane gida ya share rabonsa da safe, ya yayyafa ruwa, don ƙasa ta nuna wanda ya bi. In aka ga sawun takalmin soja, ranar ba mai fita. Ni ke share rabon gidanmu, ina da shekara goma sha biyar, kuma na san tayoyin unguwa kamar yadda na san rubutun ƙawayena a aji. Tayar bayan keken Baba ta taɓa tsagewa aka ɗaure ta da roba, don haka sawunta layi ne mai ƙulli-ƙulli kamar carbi.

Wata Talata Baba ya tafi saro gozo. Da azahar aka yi ta harbi ta can bakin gari, bai dawo ba. Laraba ma shiru. Na ƙi share inda tayarsa ta bi, na kife kwano a kai.

"Ke 'yar boko, sawu za ki dafa mana?" in ji tsohuwa mai ƙosai, maƙwabciyarmu. Sai ta sassauta murya. "Share, 'yar nan. Ƙasar da ba a share ba, ba ta kawo labari."

Ranar Alhamis na share ina kuka. Da hantsi unguwa ta yi tsit, ko zakara bai yi cara ba. Na shiga ajiye tsintsiya, na fito, sai ga keken Baba jingine da dangarmu, buhun gozo ɗaure a baya. Ba kowa. Inna ta fito, ta gani, ta hau salati. "Kada ki taɓa shi," ta ce.

Na dubi ƙasa. Ga carbin nan sabo a kan damshi, amma sawun da ke gefensa ba na Baba ba ne. Ƙaramar ƙafa ce, ba takalmi. Na bi layin da baya. A iyakar gidan tsohuwa ƙaramar ƙafar ta ɓace, silifas suka karɓa. Gaba kaɗan, ƙafar da ake ja, irin ta mai faci. Kowane rabo da ƙafarsa, layin kuwa bai yanke ba. Ƙofofi duk a rufe, kaskon suya na hayaƙi ba mai shi, amma ina jin idanu ta ramukan danga. Daga baya na gane: kowa ya tarar da keken a iyakarsa, ya tura shi gaba, ya ɓuya, don kada ya zama shi ne ya kawo mana labarin mutuwa.

Layin ya ƙare a gidan ƙarshe, na wata mai sayar da gozo da ba ta jin Hausa. Ta kama hannuna, ta ce mini da harshen Sango in shigo.

Baba na kwance kan tabarma, ƙafarsa ɗaure da tsumman zani. Ya faɗa kwata ne lokacin harbin.

"Wa ya ce ki fito, uwata?" ya ce. "Ba a faɗa muku ina nan ba? Na aika keke da saƙo!"

"Keken kaɗai ya iso, Baba."

"To, gozon fa? Ko shi ma ya faɗi a hanya?"

Da la'asar aka dawo da shi kan wani keken, gida na miƙa wa gida, wannan karon ƙofofi a buɗe. Har yau in na ga keke jingine ba mai shi, ƙasa nake fara dubawa.