Kwana Tara Ba a Nuna Mata Cokali Ba

Kafin a tada keken ɗinki ko guda a kamfaninmu, Gwaggo ta riga ta iso. Maigadi ya ce shi dai tun da aka ɗauke shi aiki bai taɓa zare sakata da safe ya tarar ba ta tsaye a bakin ƙofa ba, da jakarta a hammata. Takan gaishe shi, ta bi ta gefen layukan kekuna, ta wuce sito, ta shiga ɗan ɗakin da ke can ƙurya kusa da inda muke guga. Nan ne ɗakin reno. Tabarma biyu ne a ciki, da ƙananan katifu biyar, da risho, da taga ɗaya wadda ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta. A nan mata masu ɗinki suke barin jariransu daga safe zuwa la'asar, kuma a nan Gwaggo ta yi shekara ashirin da shida.

A 'yan shekarun nan ba ta kama aiki da shigarta. Sai ta zauna tukuna, ta murza gwiwoyinta, ta sauke numfashi kamar wadda ta gama wuni. Sannan ta tashi ta yi shara, ta ɗora ruwa, ta tafasa kofuna da cokula ta rufe da tsumma mai tsabta. Kafin ruwan ya huce iyaye sun fara shigowa da sauri, kowace na kwance goyo tana jero bayani: wannan bai yi barci ba, wancan haƙori yake fitarwa. Gwaggo ta karɓa tana cewa, "Na ji, 'yar nan, je ki kar Agogo ya rubuta ki." Agogo shi ne mai duba aikinmu. Ba mugu ba ne, sai dai ko gaisuwa kuke yi idonsa na kan tsintsiyar hannunsa.

Abin da aka fi sanin Gwaggo da shi shi ne koya wa jariri cin abinci, a lokacin nan da nono kaɗai ya daina ƙosar da shi. Ba ta gaggawa, kuma ba a sa ta gaggawa. Wata mai ɗinkin kwala ta taɓa zuwa mata da gwangwanin garin jarirai, ɗanta bai fi wata huɗu ba.

"Gwaggo, a fara ba shi. In ina cin abinci sai ya yi ta kallon bakina."

"Ni ma kullum ina kallon motar manaja, an ba ni? Bari wuyansa ya tsaya, ya iya zama, ya cika wata shida. Ajiye gwangwanin, ba ya gudu."

In lokacin ya yi, sai ta dama garin da ruwa-ruwa, kaɗan a gindin kofi, ba sukari, ba gishiri. Zuma kuwa sai yaro ya shekara. Kwana uku ana abu ɗaya tana duba fatar yaro da kashinsa, kafin ta ƙara kauri ko ta kawo sabo: ayaba da aka murƙushe, ko dafaffiyar kabewa, ko ƙwai. Ba ta yarda a zuba gari a kwalbar shayarwa a faɗaɗa ramin nonon roba da allura, kamar yadda masu sauri suke yi. Kuma lomar farko ba ita ke bayarwa ba. Sai ta jira hutun rana, uwar ta zo ta bayar da hannunta. Ta ce, "Ɗinki ya cinye muku zamansu na fari da rarrafensu na fari. Wannan kam ba zan ci muku ba."

Gwaggo, ke ce kika yi shekara ashirin da shida ana tofa miki abinci a fuska kina gogewa da gefen mayafi. Ke ce uwar 'ya'yan wasu, wadda ba a kira ranar yaye makaranta. Akwai mai yankan yadi a layi na biyu, gemu ya fito masa, a ɗakin nan naki ya fara haɗiye abin da ba nono ba.

Bana hannunta na dama ya fara rawa. In ta ɗauki cokali, rabin abin da ke ciki a zanenta yake ƙarewa. Kamfani ya ce ƙarshen wata ta je ta huta, ita ma ba ta musa ba, don ta gaji. Saura mako uku ta tafi aka zo mata da maganar 'Yar Gardama.

Yarinya ce 'yar wata takwas, 'yar wata matashiya mai sa maɓalli, haihuwarta ta fari. Nono kawai take karɓa. Duk abin da aka kai bakinta sai ta datse leɓe ta banƙare. Wata biyu ke nan katin awonta bai motsa ba, kuma nas ta ce in aka dawo awo nan da mako uku ba ta ƙaru ba, za a kwantar da ita a sa mata robar abinci ta hanci. Uwar ta faɗi wannan a tsaye a bakin ɗakin reno, tana ta naɗe katin a hannu.

Da ma Gwaggo ta lura da wani abu. Ko shayinta ta ɗauki cokali za ta juya, sai yarinyar ta ƙwalla ƙara ta ɓoye fuska. Sai Gwaggo ta ce wa uwar, "'Yar nan, wa ke ba ta abinci a gida?"

"Uwar mijina."

"Yaya take ba ta?"

Uwar ta sunkuyar da kai. Ashe danne ta ake yi a cinya, a toshe mata hanci, in ta buɗe baki neman numfashi a ɗura mata. Tun tana wata biyar ake haka, safe da yamma.

Ranar nan, da aka tashi aiki, Gwaggo ba ta nufi gida ba. Ta bi uwar, mota biyu suka hau, da gwiwoyin nan nata. Ta tarar da kakar tana tsintar wake a tsakar gida. Suka gaisa, suka tambayi juna ciwon ƙafa, sannan Gwaggo ta ce, "Yaya, ba koya miki reno na zo yi ba, kin fi ni 'ya'ya."

"Bakwai na raina da hannun nan, duk haka na yi musu, ga su nan ƙarti."

"Allah ya raya su. Amma wannan ta tsorata, abinci ya zame mata abin gudu. Alfarma nake nema. Ki bar min ita kwana goma, kada kowa ya kai komai bakinta."

"In yunwa ta kayar da ita fa?"

"Nono na nan, za a ƙara mata shi. In ta ƙi nonon ko jikinta ya saki, ni da ƙafata zan kai ta asibiti."

Kakar ta kalli hannunta ta ce, "Ke da hannunki ke rawa kamar mai kaɗa ƙararrawa?" Gwaggo ta yi dariya ta ce ai shi ya sa ba cokali za ta ɗauka ba. Kakar ta ture farantin wake ta ce ta ba ta kwana goman.

Washegari Gwaggo ta kwashe cokula ta ɓoye a tukunya, sai in yarinyar ta juya baya ake fito da su. Lokacin cin abinci sai ta zaunar da ita a cinyarta cikin sauran yara, ba ta ba ta komai. Ta miƙa mata kofin da babu komai ta yi ta buga shi a tabarma. Ita kuma Gwaggo ta sa yatsa a nata kofin ta lasa, tana lumshe ido kamar ta samu naman kaza, alhali garin jarirai ne ba gishiri. Yarinya ta kalle ta, ta kau da kai. Haka aka yi rana ta fari, haka ta biyu, haka ta huɗu.

Rana ta biyar uwar ta zo shayarwa da hutun rana ta tarar da su a haka. Daga teburin guga ana jin muryarta.

"Gwaggo, kwana fa na tafiya! Ko gwadawa ba kya yi. Ke ƙarshen wata za ki koma gida ki miƙe ƙafa, ni za a bari da ita da roba a hanci."

Gwaggo ba ta ɗaga kai ba, tana dai goge wa wani yaro haɓa. Can ta ce, "Gaskiya kika faɗa. Zauna ki ba ta nono, ƙararrawar komawa aiki ta kusa."

Daga baya ta faɗa mana cewa ranar ta ji tsoro. Ta ce da uwar ta fita, ta buɗe tukunyar ta kalli cokulan, ta ce a ranta ko dai tsufa ne ya sa ta taurin kai a kan 'yar mutane. Ta ɗauki yarinyar ta auna ta a hannu, ta ji ba nauyi. Sai ta duba ta ga fitsarinta na zuwa, idonta garau, tana wasa. Ta mayar da murfin tukunya.

Rana ta tara, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, wani lukutin yaro da Gwaggo ke kira angona yana zaune da kofinsa a gaba, ya sa hannu biyu yana dama abinsa. 'Yar Gardama ta zame daga cinyar Gwaggo, ta miƙa hannu ta tsoma a kofin. Ta ɗago hannun ta kalle shi. Ta kai baki. Ta yamutsa fuska kamar an zage ta, ta haɗiye, sannan ta sake miƙa hannu. Yaron ya fashe da kuka.

"Yi haƙuri, ango, baƙuwa ce," in ji Gwaggo, a hankali, don kada yarinyar ta firgita.

Ba ta jira hutun rana ba. Ta zuba sabo a wani kofin, ta saɓa yarinyar a kafaɗar hagu, ta riƙe kofin da hannun nan mai rawa, ta ratsa tsakiyar layukan ɗinki yana ɗiga a ƙasa. Agogo ya tare ta.

"Gwaggo, ba lokacin hutu ba ne fa."

"Na sani, ɗan nan. Rubuta ni. Kwana nawa ma ya rage min?"

Agogo ya kalli hannunsa, ya kalli yarinyar, ya matsa gefe. Gwaggo ta ce wa uwar ta wanke hannu ta zo. Uwar ta tsoma yatsa a kofi ta tsayar da shi a gaban 'yarta, ba ta tura ba. Yarinyar ta kama yatsan da hannu biyu ta kai baki. Sau uku aka yi haka. Na huɗu ta juya kai.

"Ya isa," in ji Gwaggo.

"Uku kawai, Gwaggo?" Uwar na magana hawaye na zuba.

"Uku. Ta ce ta ƙoshi. Ki ji maganarta yau, gobe ta ƙara miki."

Washegari ta ci biyar. Bayan kwana uku aka ba ta cokali ta riƙe da kanta, tana shafa wa kunnenta rabi. Kakar ma, mun ji an ce, ta koma zaunar da ita a gefenta da ɗan kofinta, tana mita cewa 'ya'yan zamani sai an yi musu fadanci.

Saura kwana biyu Gwaggo ta ajiye aiki aka je awo. Uwar ta dawo da rana, ko mayafi ba ta gyara ba ta faɗo ɗakin reno da katin a hannu. An samu ƙarin gram ɗari da hamsin. Nas ta ce babu maganar roba, a ci gaba da abin da ake yi, a dawo bayan mako biyu.

"Ɗari da hamsin?" in ji Gwaggo. "Duk wahalar nan a kan nauyin sabulun wanka?" Ta yi dariya har ta dafa bango. Uwar ta durƙusa tana neman gafarar maganar da ta faɗa mata. Gwaggo ta ce, "Tashi, uwar da ba ta yi min faɗa ba ita nake tsoro. Miƙo min kujerar nan in zauna, ƙafafuna sun ƙi."

Gwaggo, mun gode. Iyayen da kika share wa hawaye sun gode, mu ma da muke jiyo muryarki ta bayan bango mun gode. Ke ce kika nuna mana cewa jariri ma yana da ta cewa a kan bakinsa. Allah ya ba hannun nan naki lafiya, ya sa hutun ya karɓe ki, ya sa 'ya'yan da kika ciyar su tuna da ke.

Ku kuma da ke da jariri a hannu, uwa ko uba ko kaka, na san da gajiya, na san da ƙararrawar aiki. Amma in kun zauna ba shi abinci, ku zauna da gaske. Ku jira lokacinsa, ku fara da kaɗan, in nauyinsa ya tsaya ku kai shi awo. Kada ku danne shi. Wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ta jira 'yar da ba tata ba kwana tara, da tsoro a cikinta, har yarinyar ta miƙo hannu da kanta. Ku naku ne, ku jira shi ya buɗe baki.