Irin Geron da Inna Ta Tsinto Bayan Gobara

Ba na gida lokacin da wutar ta tashi, saboda haka abin da zan faɗa game da farkonta ji na yi, kuma masu ba da labarin bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce tartsatsi ne ya tsallako danga daga murhun maƙwabta, wasu sun ce toka mai rai aka zubar a bayan gida iska ta hura ta. Ban taɓa yarda na tsayar da ɗaya ba, don kada na ɗauki alhakin wani. Abin da na tabbatar shi ne ranar Juma'a ce a tsakiyar bazara, kuma kusan duk mazan ƙauyenmu muna masallaci a Makoda.

Mutum uku ne manya a gidan. Akwai Inna, mahaifiyata, da matar yayana mai jego, sai Kaka wadda ta haifi Baba, tsohuwar da ƙafa ta ƙi, ta shekara uku ba ta tashi sai an ɗaga ta. Matar yayana ce ta ba ni labarin da na fi amincewa da shi. Ta ce Inna ba ta yi ihu ba. Tura ta waje ta yi da jaririn, ta ce ta je ta kira mutane, ita kuma ta shiga ɗakin Kaka, alhali jinkar ta riga ta kama. Ta durƙusa ta goya tsohuwar da zani kamar yadda ake goyon yaro, ta fito da ita har gindin darbejiyar ƙofar gida. Sannan ta koma wajen shanun huɗarmu biyu. Sun ja igiya don tsoro har ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da ta sa lauje ta yanke. A nan ne zana mai ci ta faɗo mata a hannun dama, daga wuyan hannu zuwa gwiwa.

Mu tun daga kan hanya muka hango hayaƙi, kowa a kan babur yana addu'ar kada ya zama nasu ne. Da muka iso, mata da tsofaffi sun riga sun ci ƙarfin wutar da bokitai da yashi. Na tarar da Kaka a zaune a kan tabarmar wani, fuskarta duk baƙi. Wasan jika da kaka ne tsakaninmu tun ina ƙarami, kuma ko a ranar ba ta fasa ba.

"Ga angon ƙarya nan," ta ce. "Sai da wata ta goyo maka amarya ta fitar sannan ka iso da hularka a karkace?"

Na durƙusa na riƙe ƙafarta, ta ce in sake ta kada in ɓata mata lalle.

Ɗakin Kaka ya tafi, rumfar harawa ta tafi, danga duka ta kwanta. Jinkar rumbun gero ta rufta ciki ta cinye dammunan da suka rage mana. Ɗakina, wanda shi kaɗai ne mai kwano da silin a gidan, bango kawai ya bari. Zaure da soraye biyu ba abin da ya same su, sai rumbun dawa da Allah ya tsare. Ba a rasa rai ba. Kowa ya zo jaje wannan yake fara faɗa, kuma gaskiya ne. Amma ni akwai abin da ya tsaya mini a rai tun a daren farko, kuma na san Baba ma ya sani.

Geronmu ba irin na kowa ba ne. Zangarniyarsa tana da gashi mai tsini, tsuntsu ba ya jin daɗin sauka a kanta. Babbar gonarmu kuwa tana bakin fadama, kusa da itatuwan da tsuntsaye ke kwana, duk wanda ya shuka gero marar gashi a wajen, su yake yi wa noma. Kakanmu ne ya zo da irin, ban san daga ina ba, Baba kuma ya ci gaba da zaɓensa. Duk kaka yakan tsinci zangarniyoyin da suka fi kyau, ya ɗaure su, ya rataye a azarar zaure. Haka na tashi na gani.

A shekarar ne na dawo daga bautar ƙasa da takardar digiri a fannin noma, ina zaman jiran aiki. Na ga ƙwari sun ɗan taɓa irin bara, sai na ce wa Baba an koya mana hanya mafi kyau: a sussuke irin, a shanya, a zuba a jarka a toshe bakinta yadda iska ba za ta shiga ba. Har yau ina jin shawarar ba ta da aibu a kanta, kodayake ba na iya faɗin haka da ƙarfi. Baba ya yi kwana biyu yana juya maganar, sannan ya sauko da ɗaurin ya miƙa mini. Na yi aikin da kyau, na ajiye jarkar a ƙarƙashin gadona. Bayan gobara na tono ta. Robar ta narke ta dunƙule da geron ta zama baƙin dutse. Zaure kuwa yana nan lafiya lau, da igiyoyin ratayar suna lilo babu komai a jikinsu.

Na gwada ceto wani abu. A gindin rumbun akwai tsabar da ta yi ja ba ta ƙone ƙurmus ba. Na jiƙa buhu na jera ta a kai, na rufe, ina yayyafa ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Ko ɗaya ba ta tsaga ba. A rana ta takwas na sami Baba yana kwaɓa ƙasa, na ce masa laifina ne.

"Kai ka kunna wutar?"

Na ce a'a.

"Ƙwace irin ka yi daga hannuna?"

Na ce a'a, amma ni na kawo shawarar.

"To ni na ɗauka na ba ka. Miƙo mini ruwan can, ƙasar nan ta fara bushewa."

Bai sake tayar da maganar ba, kuma rashin tayarwar ya fi mini nauyi.

Mutanen ƙauyenmu sun yi mana abin da ban san yadda zan kwatanta ba. Akusa tana shigowa daga gidaje har sai da Inna ta fara mayar da wasu. Aka yi gayya sau biyu: ranar farko aka tayar da danga da karan da kowa ya ciro daga nasa, rana ta biyu aka yi wa Kaka sabon ɗaki. Wani ya kawo harawa don shanu, wata ta kawo wa Kaka zannuwa. Wannan ne ma ya sa Baba ya ƙi buɗe baki a kan iri. Wata rana bayan la'asar na ji su da Inna a tsakar gida.

"Malam, akwai gidajen da ka taɓa ba su irin nan. Ko ba tsantsarsa ba, ba za a rasa shi a dammunansu ba."

"Na sani."

"To?"

"Sun ci da mu, sun yi mana gini. Yanzu kuma in ce su buɗe mini rumbu a bazara? Wani damin da ya rage masa bai fi a ƙirga da yatsu ba, kuma bai so a sani. In na tambaya zai ba ni, ya kwana da yunwa ko ya kwana da kunya. A'a. Mu sayi na kasuwa, abin da tsuntsu ya bari namu ne."

Wanda bai tashi a karkara ba wataƙila ya ga kamar girman kai ne. Ni ban ɗauke shi haka ba. A wajenmu cikin rumbun mutum asirinsa ne, ko ɗan'uwansa ba ya leƙawa, musamman a watannin da abinci ke ja baya. Inna ba ta yi musu ba. Ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri," ta ci gaba da tankaɗe da hannun hagu.

Duk bayan kwana biyu ina kai ta asibitin sha-ka-tafi a wanke mata ƙunar. A hanyar dawowa sai ta fara cewa in tsaya a gidan wane, za ta shiga ta yi godiyar abin da aka yi mana. Ni nakan zauna a zaure. Na lura ba ta tashi shiga gida sai da hantsi, lokacin da maigida ya riga ya fitar da damin ranar ya tafi, mata sun baje shi za su yi sussuka. Godiyar kuma ba ta ƙarewa da wuri. Sai in ji taɓarya ta ƙaru, biyu sun zama uku.

A gida na uku ne na gane abin da take yi, don dangar gajeriya ce, magana tana fitowa sarai.

Matar gidan ta ce wa Inna, "Yaya, ajiye taɓaryar nan don Allah. Da wannan hannun?"

"Na hagu ai bai ƙone ba. Ke dai ba ki son a ga yadda kike sussukar ganin dama."

"Ji ta. Kin zo godiya ko kin zo duba aiki?"

Aka yi dariya. Can sai na ji Inna ta ce, kamar abin bai dame ta ba, "Af, ashe har yanzu mai gashin nan yana fito muku."

"Yana fitowa, ya ishe mu da ƙaiƙayi. Jiya wuyana har ya yi ja. Tun da maigidanku ya ba namu muke shan wahala."

"Kawo in rage miki shi, ni fatata ta saba."

Sannan matar ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Kwashe, Yaya. Taimakona kika yi." Inna ta fito da zangarniya huɗu a ƙunshe a gefen mayafi.

Ba ta taɓa ɗaukar fiye da biyar a gida ɗaya ba, kuma ba ta taɓa fita ba tare da ta sussuka musu abin da ya ninka haka ba. Ban san ko matan sun yi magana a tsakaninsu ba, amma ina zargin sun yi. A mako na biyu, duk gidan da muka je sai a tarar an riga an ware masu gashin a gefen turmi, ana ta ƙorafin ƙaiƙayi tun kafin ta zauna. Ba wadda ta ambaci iri, ba wadda ta ambaci gobara. Ma'aikaciyar asibitin kuwa faɗa take ta yi, tana cewa ƙunar ba ta kamewa saboda ana motsa hannun. Na roƙi Inna ta huta, na ce ina tsoron kada ciwon ya ruɓe.

"Kai kullum cikin tsoro kake," ta ce. "Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ka gani ko ba ka gani ba? Tayar da babur."

Ranar da ta gama, ta shimfiɗa tabarma a gaban Baba ta zazzage buhu. Ya daɗe yana kallo.

"Wa kika roƙa?"

"Ban roƙi kowa ba, Malam. Sussuka na taya, suka ce in raba su da ƙaiƙayi."

Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya dubi hannunta da ke naɗe da bandeji. Ina tsammanin zai yi magana a kan hannun, amma sai ya jawo tabarmar ya fara ɗaga zangarniyoyin ɗaya bayan ɗaya, yana shafa gashin da babban yatsa. Kusan rabi ya ture gefe, ya ce waɗannan sun yi nisa da gida. Kaka daga ƙofar sabon ɗakinta ta ce a miƙo mata, ta shinshina ɗaya, ta mayar da guda uku cikin zaɓaɓɓun, ta ce ɗan nata bai san komai ba. Bai yi gardama ba.

Abin da aka samu bayan sussuka bai cika kwano ba. Ba zai ishi gonar duka ba, sai muka shuka shi a ɓangaren da ke bakin fadama, sauran muka sa na kasuwa. Ruwan shuka ya sauka kwana shida bayan haka. Ni dai hankalina bai kwanta ba, domin na san gero yana ɗaukar barbara daga na maƙwabta ta iska, zangarniya mai gashi tana iya haifar da marar gashi. Na faɗa wa Baba haka a hankali, ina ta kewaye-kewaye. Ya ce ya sani, shi ya sa ake zaɓe duk shekara.

Sai da geron ya fitar da kai muka ga gaskiyar abin. Na riga kowa zuwa gonar a safiyar. Ba duka ne suka yi gashi ba. A ƙiyasina sun ɗan haura rabi, kodayake wataƙila son zuciya ya sa na ƙara. Da idon geron ya fara nuna, tsuntsaye suka sauko kamar yadda suka saba, suka bi marasa gashin suna ci, suka tsallake sauran. Baba ya zo da tsummoki a aljihu, ya ba ni rabi, ya ce duk wadda na ga gashinta ya yi tsawo kuma ta cika har wuya in ɗaura mata, kada a haɗa ta da na ci ranar girbi. Ya ce in Allah ya ba mu rai, zaɓen shekara uku zai dawo da shi yadda yake.

Da rana Inna ta kawo mana fura. Hannun ya warke, amma fatar wajen ta yi fari-fari ta tattare, har yau ba ya miƙewa sosai. Ta ajiye ƙwaryar ta shiga cikin kunyoyin geron tana duba waɗanda na ɗaura wa tsumma. Ta kwance biyu, ta ce gashinsu gajere ne, in daina jin tausayinsu. Sannan ta karɓi sauran tsummokin daga hannuna ta yi gaba, ni kuma na bi ta a baya ina kallon waɗanda take zaɓa.