Gambar da Na Matsar

Shekara tara muka yi muna gaba da yayana, kuma ni ne marar gaskiya. Da aka raba mana gonar mahaifinmu a Dauran, gamba aka dasa a tsakani ta zama iyaka. Wata damina na cire ta na matsar da ita taku uku cikin rabonsa. Ya gani, ya yi magana, na rantse ban taɓa ba. Daga nan na koma Kaura ina sayar da hatsi, ko gaisuwar Sallah ba ma yi.

Abin ya tsaya mini a rai. Kullum ina roƙon Allah Ya tausasa zuciyata, ina shafawa sai in ji ta nan kamar dutsen niƙa. Sai na ce wa kaina ai lokaci ne bai yi ba, in Ya so zai juya ni.

'Yata da ke karatu a kwaleji ita ta ruɗa ni. Ta ji ina wannan magana, sai ta ce a darasin addinai an koya musu cewa malaman Yahudawa na ganin bawa ne zai fara huda ƙofa, ko da kamar bakin allura, sannan Ubangiji Ya wangale masa sauran. Na daka mata tsawa, don ban kai ta makaranta ta kawo mini fatawar Yahudawa ba. Ko gezau, halina ta ɗauko. Ta ƙara da cewa su ɗin dai sun ce ba don taimakon Ubangiji ba, mutum ba ya iya kayar da son zuciyarsa.

Na ce, "To wa ka farawa ke nan, ni ko Shi?"

Ta ce, "Baba, ni ma nan nit tsaya."

Na kai wa limamin unguwarmu maganar, na ɓoye inda ta fito. Ya ce ai haka yake a addininmu, duka biyun. Na dawo kaina ya ƙara ɗaurewa.

Lokacin yayana ya bar ƙauye saboda rashin tsaro, yana zaune wurin babban ɗansa a Zurmi. Gonar kuwa, tawa da tasa, ciyawa ta cinye. Wata safiya na sayi goro na shiga mota, ina haddace abin da zan faɗa har muka isa. Hudar allurata ke nan.

Na same shi a zaure kan tabarma, ya rame. Ɗansa ya raɗa mini cewa tun bara tunaninsa ya soma gushewa. Yayana na ganina fuskarsa ta washe, ya kira ni da sunan ƙuruciya, ya riƙe hannuna.

"Ina kat tahi haka ka daɗe? An ba ka ruwa?"

"Yaya, gahwara niz zo nema. Ni nim matsar da gambar nan."

Ya yi dariya. "Gahwarar mi?"

Na maimaita har sau uku, yana ta ɓare goro yana miƙo mini rabi. Ga ƙofa a wangale, amma wanda na cuta ba ya ciki. Har yau ban sani ba, taimakon da ake faɗa ne wannan, ko sakamakon jinkirina. Daga baya na tambayi liman, ya ce Allah ne masani, kuma wannan ban yi masa musu ba.

Ran nan da na tashi tafiya yayana ya kama bakin rigata.

"In ka bi ta gona ka duba muna gambar iyaka, kada wani shi taɓa. Da kai ɗai niy yarda."

Na ce to, Yaya.