Waƙar da Inna Ke Rera Rabinta

A gidanmu na Kebbe, da an sauke tuwon dare bayan magariba sai mu kewaye murhu, mu jikoki, tun garwashin bai mutu ba. Kakarmu ta wajen uba, wadda kowa ke kira Inna, takan jawo tabarmarta ta miƙe ƙafa, ta tura gyaɗa cikin toka. Tatsuniyoyinta da yawa na dariya ne. Guda ɗaya ce ba mu taɓa sanin inda za mu ajiye ta ba.

"To, ga ta nan tafe," in ji Inna.

"Ta iso mu ji," mu amsa.

Labarin wata yarinya ce, Ige, da wanta Sanda. Marayu ne, suna da 'yar gona a bakin gulbi. Sanda yana da waƙa guda da yake bayarwa in suna noma, Ige tana amshi. Har mutanen da ke wucewa sukan ajiye kayansu su saurara. Wata shekara ruwa ya ɗauke, gero ya bushe a tsaye. Sanda ya ce zai yi kudu neman abinci, ta jira shi kafin shuka. Aka yi shuka, aka yi girbi, bai dawo ba. Kullum sai Ige ta je bakin gulbi ta yi amshinta ita kaɗai.

A nan Inna takan rufe ido. Ta yi shiru, kanta yana kaɗawa kamar tana bin muryar wani, can sai ta rera: "Ina nan, Yaya, ina nan." Ta sake yin shiru, ta sake rerawa. Muryar ba ta kuka ba ce, har da ɗan zaƙi irin na waƙar daka. Amma ni sai in ji hawaye na zubo mini, in rasa dalili. Ba a kashe kowa ba, ba dodo, ba kura. Me ke sa ni hawaye?

Ran nan na kasa haƙuri. "Inna, mi Sanda ka cewa a wurin da kika yin shiru?"

"Wannan nashi na, ɗiyata. Ba ni shiga wurin wani."

"To ya dawo?"

"Ku ciro gyaɗarku, ta ƙone."

Iyakarta ke nan kullum. Babu ƙarshe, babu darasi. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne Baba. Malami ne mai karantarwa a zaure, ko ƙwanƙwasa ƙwarya ya ji sai ya yi faɗa. Amma in Inna ta kai wurin amshin nan yana tsakar gida, sai ya tsaya da butarsa a hannu har ta gama, sannan ya wuce masallaci.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Tambuwal, Inna da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Bara da na ba 'ya'yana tatsuniyar, suka matsa mini da tambayar da na taɓa yi, sai na kira Gwaggo Hassi, ƙanwar Baba da ke aure a Fakku, na ce ta faɗa mini ƙarshen tatsuniyar Ige.

Sai ta ce, "Wace tatsuniya? Ige ai sunan Inna na na ƙuruciya. Sanda wanta na, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunanshi anka sa ma babanku."

Na tambaye ta ko ta san baitin da yake bayarwa. Ta ce duk wanda ya sani ya mutu.

Tun ranar nake juya abin. Da na ɗauka Inna ta manta rabin waƙar ne, ko tana ja mana rai. Yanzu ban san me zan kira waɗancan dararen ba. Hira take yi mana, ko mu ne muke taya ta zaman makokin da ba a taɓa yi ba, tunda ba wanda ya kawo labarin mutuwa? Wata rana nakan ce ta koya mana haƙuri ne, wata rana in ce ba ta nufin koya mana komai, wuri kawai ta samu inda tsohuwa za ta kira wanta da ƙarfi ba a ce ta ruɗe ba.

Autana ya tambaye ni ko yanzu zan ba su ƙarshen. Na ce masa ban da shi, amma Ige ta tsufa, ta haifi kakansu.