Magen da Inno Ke Aika

Ku gyara zama, mai shayi ya ajiye kofinsa kusa da ƙafa. Mutumin da zan ba ku labarinsa bai iya zama ba, gara mu mu zauna masa.

Sunansa Rafi'u, haifaffen Sa'alaba ne a kudancin Jidda, cikin gajerun gidajen nan da wayoyin lantarki suka saƙe samansu. Kakansa ne ya taso daga wajen Gwandu da ƙafa, da niyyar ya yi Hajji ya koma. Hajjin ya yiwu, komawar ce ba ta yiwu ba. Shi kuwa jikan kamar ragowar tafiyar ce ta zauna masa a tafin ƙafa. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya bari. Ya yi gadi a wata masana'antar robobi, ya ce kujerar gadin cizonsa take yi. Ya sayar da kifi, ya tuƙa motar ruwa, ya yi fenti. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta zaga hannun kafilai, iyayen gidan da ke tsaya wa baƙo, har ƙanwarsa Zakiya ke cewa ita kanta iƙamar jiri take ji. Aure ma ya taɓa yi. Matar ta ce ita ba miji ta aura ba, ƙarar rufe ƙofa ta aura, ta kwashe kayanta ta koma gidansu a Makka. Yanzu ga furfura ta cika masa gemu, amma ko a masallaci, liman na sallamewa takalmansa sun riga na kowa fita.

Wuri ɗaya ne duk yawonsa yake komawa, wato gidan mahaifiyarsa, Inno. To a nan maganar take.

Rafi'u ne ɗan farinta. Inno kuwa, ko da yake a Jidda ta girma, tarbiyyar mutanen da aka yi mata: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Zakiya tun safe ake kiran sunanta har a gaji. Shi kuwa "wancan" ne. Yana yaro, kakarsa ke kai saƙo tsakaninsu. Da ta rasu, Baba ya gaji aikin. Da Baba ya rasu, Zakiya kuma tana gidan mijinta a wata unguwa, gida ya rage su biyu, uwa da ɗa, ba ɗan aike.

Sai ga wata jar mage ta faɗo ta taga, ta sami kan kifi a kwano, ta ga wuri ya yi mata. Inno ba ta wahalar da kanta neman suna ba, ta kira ta Bissa, yadda mutanen Jidda ke kiran kowace mage. Ba a yi nisa ba Bissa ta sami aiki.

"Ke Bissa, ki gaya wa wancan tuwo na cikin kula. Kuma kada ya ci a tsaye kamar doki."

Rafi'u na bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, sai ya ce, "Bissa, ce mata na ji."

"Ki ce masa rigar nan ta gaji, in shi bai gaji ba."

"Ce mata gobe zan canja."

"Goben nan tasa, ki tambaye shi a wace shekara take."

Magen na lasar hannunta, ba ruwanta. Amma ta bakinta Rafi'u ya ji cewa Inno ba ta ji daɗin tafiyar matarsa ba. Ta bakinta ya ji gwiwar Inno na ciwo, ya kai ta asibiti. Da zazzaɓi ya kwantar da shi, ta bakin Bissa ya fara jin "sannu" daga uwar da ta haife shi, yana mutum mai furfura, har ya juya fuska bango don kada a ga idonsa.

Jidda gari ne na maguna, kowane kwandon shara da masu gadinsa. Baladiyya, wato hukumar gari, ta ba wani kamfani kwangilar kula da su, kamfanin ya ɗauki Rafi'u direba kuma mai tarko. Ga yadda aikin yake: a ajiye keji a lungu da abinci a ciki, mage ta shiga ƙofa ta faɗo, a lulluɓe kejin da tsumma don ta natsu, a kai ta gidan dabbobi na kamfanin can bayan unguwar masana'antu. Likita ya yi mata aikin hana haihuwa, ya ɗan yanke bakin kunnenta na hagu don a san an yi mata, in ta warke a mayar da ita lungun da aka kamo ta. Aikin ya yi wa Rafi'u daɗi, yau wannan unguwa gobe waccan. Abu ɗaya ya gagare shi: ana so mai tarko ya koma gefe ya zauna shiru ya jira. Wannan sai abokin aikinsa Mus'ab, wani Basudane mai sanyin rai wanda zai iya kallon bango har la'asar.

Ran da Inno ta ji sana'ar, cewa ta yi, "Ke Bissa, ki tambayi wancan, duk ayyukan duniya sun ƙare ne sai kamun danginki?"

Ana cikin haka kwangilar ta zo ƙarshe, baladiyya ta ba wani sabon kamfani. A makon ƙarshe layi ya zo kan Sa'alaba, lungun su Rafi'u. Da safe yana ɗaura takalmi ya ce, "Bissa, ce mata yau ta kulle ki a ɗaki, tarko zai zo." Inno ta kulle ta.

Sai dai magunan Sa'alaba sun raina abincin gwangwanin kamfani. Su shinshina, su ɗaga wutsiya, su wuce. Mus'ab ya ce a yi haƙuri, yunwa za ta kawo su. Rafi'u ya zauna, ya tashi, ya zaga motar, ya sake zagawa. Can ya ruga gida, Inno na salla, ya sunkuto tukunyar kan kifin da take dafa wa Bissa da ɗan daddawar da alhazai ke kawo mata tsaraba. Ya rarraba a kejuna, ya jefa tukunyar bayan mota, ya ce wa Mus'ab bari ya sayo musu shayi a bakin titi. Daga shayi ya tuna wayarsa na buƙatar gyara. Daga mai gyara ya hango wani tsohon abokin dako.

Ƙamshin daddawa kuwa ya bi lungu ya hau har tagar ɗakin Inno, tagar da gilashinta ya fashe tun bara, Rafi'u na cewa gobe zai gyara.

Ya dawo ya tarar kejuna sun cika, Mus'ab ya lulluɓe su ya jera a mota. Rafi'u ya ja mota yana waƙa, yana yabon dabararsa, har gidan dabbobi.

Da yamma ya shigo gida ya ce, "Bissa, ce mata na dawo." Shiru. Inno na zaune a kan tabarma, kwanon magen a gabanta, hannuwanta a cinya. Ya leƙa ɗaki, ya leƙa bayan firji. Ya fita ya duba ƙarƙashin motocin lungu ɗaya bayan ɗaya, ya hau rufin maƙwabta, ya je har kasuwar kifi yana kiran "bis, bis" kamar wanda ya taɓu. Ko kusa zuciyarsa ba ta kai kan tarko ba, ai da kunnensa ya ji an murɗa makulli.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama kamar an zare masa harshe. Inno ta dafa tuwo ta ajiye a bakin ƙofa, ba wanda za ta ce wa yana cikin kula. Ita kanta ba ta ci. Ya ga tana dafa bango in za ta tashi, yana so ya tambayi gwiwar, ba ta wa zai tambaya. Ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, ƙofar har ta fara kuka.

Ranar Alhamis da safe ya zo wucewa ta gabanta, makullin mota a hannu. Inno ta ɗaga kai, ba bango ta kalla ba, ba ƙasa ba. Wajen ƙafafunsa ta kalla, ta ce, "Kai."

Rafi'u ya daskare. Tun da aka haife shi bai taɓa jin wannan kalmar daga bakinta ba. Leɓenta na motsi, sauran maganar na hanya.

Sai ƙofa ta buɗe, Zakiya ta faɗo da abayarta tana haki, tukunya a hannu. "Ya Rafi'u, esh hada, mene ne wannan? Tukunyar Bissa me take yi a bayan motar kamfaninku? Wallahi warinta ya kai bakin titi!"

Ya kalli tukunyar. Ya kalli tagar da ta fashe. Ya dafe kai.

"Da abincinta ka yi tarko? A ƙarƙashin tagarta? La haula! Kai da kanka ka kai ta?"

Bai tsaya amsa ba, don ya tuna ranar ce ta miƙa aiki. Sabon kamfani zai kwashe duk dabbobin zuwa nasa gidan can arewacin gari, inda Rafi'u ba shi da ikon shiga, kuma da zarar an haɗe su da na wasu unguwanni ba mai sake sanin wace ce ta Sa'alaba.

Ya iske babbar mota a ƙofar gidan dabbobin, ana ta loda kejuna. Ya kutsa ciki ya sami Dakta Ikrama, likitan dabbobi ɗan Zariya da ya zo Jidda aikin kwantiragi, yana tattara kayansa.

"Dakta, don Allah, magen tsohuwata na cikin nan."

"Subhanallahi. To kwantar da hankali, Malam Rafi'u. Wace alama gare ta?"

"Ja ce."

Dakta ya cire tabarau ya nuna masa layin da ya rage. Jajaye ne reras, kowace an aske mata ciki, kowace kunnen hagu a yanke. "Rabin magunan Jidda jajaye ne. Wutsiyarta fa? Doguwa ce ko guntuwa? Akwai fari a wuyanta?"

Rafi'u ya bi kejunan da kallo. Shekara da shekaru suna gida ɗaya, yana ba ta saƙo tana kawo masa, bai taɓa zama ya dube ta ba.

"Ikon Allah," in ji Dakta. "Ni kaina da na gan ta sau ɗaya a kan tebur sai na fi ka saninta."

Rafi'u ya kira "Bissa!" Duk layin ya ɗauka, ai kowace sunanta ke nan. Direban babbar motar ya danna oda, ya leƙo yana cewa yalla, a yi sauri, rana na yi. Ma'aikata suka ɗauki keji biyu daga ƙarshen layi.

Rafi'u ya ciro waya ya kira Zakiya, ya ce ta kai wayar bakin Inno ta kira magen. Ya buɗe sauti. Ana jin numfashin tsohuwar, amma ba magana, don ta san a hannun wa wayar take.

"Ya ummi, ba da shi za ki yi ba, da Bissa za ki yi," in ji Zakiya. "Halas, ya isa haka, yi magana!"

Can sai muryar ta fito, a dishe saboda kwanakin shiru. "Ke Bissa. Ke 'yar banza mai kwaɗayi. Ina kika shiga?"

Dole Rafi'u ya bi layin a hankali, keji bayan keji, yana miƙa wayar, tafiyar da ƙafarsa ba ta taɓa yi ba. Magunan layin sama suka kalle shi suka kau da kai. A layin ƙasa, can lungu, wata ta taso da ƙyar ta manna fuska a jikin ƙarfe ta saki wani kuka mai kaushi. Sai da ya zauna daɓas a kan siminti kafin ya ga fuskarta. Ashe idonta ɗaya ya ɗan fi ɗaya ƙanƙanta, ashe akwai fari a haɓarta kamar ta sha nono.

Daga cikin waya Inno ta ce, "Ita ce."

Dakta ya ɗaga wa masu lodi hannu. "Wannan ta warke, kuma ƙa'ida ma cewa ta yi a mayar da ita inda aka kamo ta. Ɗauki, Malam Rafi'u. Ka gaida Mama, in da ta wanda za ka gaishe ta."

A gida Inno ta ɗora magen a cinya tana shafa ta tun daga wutsiya har kai. Da yatsunta suka kai kunnen hagu sai suka tsaya.

"Wa ya taɓa miki kunne?" Ta ja numfashi. "To. Ki gaya wa wancan ya gyara tagar nan yau, ba gobe ba. Kuma ki ce masa ya zauna haka nan, jiri yake sa ni."

Rafi'u ya zauna a bakin tabarma. Ƙafarsa na rawa, makulli na kaɗawa a hannunsa, amma ya zauna. Zakiya ta kalle shi ta ce a kawo mata ruwa, yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Shi kuwa kunnensa na wajen Inno, yana jiran sauran maganar safe, wadda ta fara da "Kai". Inno ta ci gaba da hira da magenta, ta tambaye ta ko an ba ta abinci a can, ta ce a gaya wa wancan tuwo na cikin kula.

Ya gyara tagar kafin magariba. Kamfanin ya watse, shi kuma har ya fara zancen wani aiki a wajen masu kwale-kwale. Bissa na nan da yankakken kunnenta tana kai saƙo tana kawowa, sauran maganar nan kuwa ba ta sake tasowa ba. Wani lokaci yana tsaka da tafiya a titi sai ya tsaya cak, abin da ba halinsa ba, yana juya ta a ransa.

To ku da kuka zauna kuka ji: da Zakiya ta makara kaɗan a ranar nan, da babbar motar ta tafi da Bissa, me kuke jin Inno za ta ce bayan "Kai"?